Ƙwan Zabi a Ƙarƙashin Kaza

Akwai wata mata, tashin birni, da zama ya kai ta ƙauye. Maƙwabciyarta, wata tsohuwa mai suna Iya Tabita, ta ba ta kyautar ƙwan zabi guda takwas don ta fara kiwo. Da yake zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, sai matar ta haɗa su da ƙwan kaza shida, ta sa wa kazarta a akurki.

Bayan mako uku kaza ta ƙyanƙyashe nata shida, 'yan tsaki suka fito suna ta tsiyau-tsiyau. Na zabi kuwa shiru. Matar ta jira kwana ɗaya, ta jira biyu, a na uku ranta ya ɓaci, ita da dama ba gwanar jira ba ce. Ta ce ai waɗannan bara-gurbi ne. Ta kwashe su a ƙwarya ta nufi juji, ta ɗauki ɗaya ta jefar. Da ya fashe, sai ga ɗan zabo a ciki, da gashinsa da bakinsa, yana motsi. Bai daɗe ba ya daina.

Tana nan tsaye da ƙwarya Iya Tabita ta same ta.

"Haba 'yar nan! Wa ya ce miki sun lalace?"

"Iya, sa'anninsu duk sun fito."

"Na kaza ne suka fito. Zabo sai ya ƙara mako guda. Kin duba, ko lissafin kwana kawai kika yi?"

Tsohuwa ta sa aka kawo ruwan ɗumi, ta saka ƙwan a ciki, ta ce matar ta tsuguna ta zuba ido, kada ta ce komai. Can sai ɗaya ya girgiza, wani ma ya bi. Suka goge su, suka rufe 'yan tsakin a kwando don kaza ta koma kwanci. Bakwai ɗin nan duk suka fito. Amma matar ba ta daina tuna na takwas ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: ƙwai su ne yaran da Ubangiji ya danƙa mana, a gida da cikin aji. Ranar shigarsu makaranta ɗaya, amma ranar buɗewar kowa daban. Wani ya fara karatu da wuri, wani kuwa har yanzu bakinsa kawai ke motsi in 'yan'uwansa suna karantawa. Wannan motsin shi ne alamar, sai dai wanda ya zauna ya yi shiru ne zai gan shi.

Malamai da iyaye, kafin ku kira yaro daƙiƙi, ku zauna a bayan aji ku kalle shi, yau da gobe, ku rubuta abin da idonku ya gani, ba abin da fushi ya gaya muku ba. Yaron da aka mayar gida yana gab da ganewa ba ya ihu. Shiru zai yi ya tafi, ku kuwa har abada kuna zaton ba komai a cikinsa.