Shekarar da Waya Ta Ce a Yi Shuka

Ku gyara zama. Wannan ya faru ne tun zamanin da sai mutum ya hau tudun bayan gari yake samun sabis. Kai, an yi zamani!

Akwai ƙawaye uku da suka yi makarantar kwana tare, kwano ɗaya, bokiti ɗaya. Da suka girma sai suka haɗa wata manhaja mai kiran manoma a waya, ta gaya musu ranar da damina za ta zauna. Sa'adatu tana Malesiya, ita ke rubuta manhajar. Rahila tana Kanada, wurin masu ɗaukar nauyin aikin. Kubura kuwa tana ƙauyen Dungurawa, ita kaɗai manoma suka sani. Shekara biyu ana cika rumbuna, har tsofaffi kan gaida muryar wayar kafin su saurara.

A ta uku muryar ta ce a yi shuka. Aka yi. Sai sama ta ɗauke kwana ashirin, iri ya ƙone a ƙasa.

Kubura ta so ta gudu birni, amma ta daure ta je gaban Sarkin Noma Ɗanjuma.

Ya ce, "'Yar nan, mun bar duban hadari irin na iyayenmu, mun bi ki."

Ta ce, "Baba, laifinmu ne. Ban san inda aka kuskure ba tukuna, amma duk ranar kasuwa zan zo in faɗa muku abin da na sani."

Ƙauye bakwai ta zaga tana shan zagi, ba ta fasa ko sau ɗaya ba.

Sa'adatu ta haƙura da bikin ƙanwarta, ta duƙufa har ta gano cewa yanayin wani gari mai suna irin na Dungurawa manhajar ke karantowa. Ta gyara, ta kuma fito fili ta ce kuskuren hannunta ne.

Rahila ta tarar an yanke shawarar rufe aikin. Ta kunna wa manyanta muryoyin manoman da aka naɗo, ta ce in an rufe ita ma ta ajiye aiki. Suka fasa rufewa, suka aiko da iri mai saurin nuna.

Irin ya iso, sabuwar ranar shuka ta yi daidai, mutane kuma suka yarda saboda Kubura ce ta faɗa. Gero ya yi.

Bayan girbi aka haifa wa Sarkin Noma jika mace. Ya ce sunan wadda ta ceci gari za a sa mata.

Kubura ta ce, "Baba, ai mu uku ne."

Ya ce, "Jaririyar ɗaya ce, sunan yanka ɗaya ne."

To jama'a, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?