Kalma Ɗaya da Ta Ci Rabin Gonar Sha'aibu

Akwai wani tsohon malamin firamare a Ƙaura Namoda, Malam Maitama. Mutumin kirki ne, sai dai yana ji da Turancinsa. Ko allon shago ya gani da kuskure, sai ya tsaya ya gyara wa mai shagon.

Ƙungiyar manoma ta kawo wata manhajar waya mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ake nuna wa hoton ganye ta faɗi abin da ke damun shuka. Shi aka ba takardar ƙa'idojinta ya mayar Hausa. Shafi biyu ne cif. Malam ya leƙa sama-sama, ya ce manomi ba shi da lokacin dogon bayani. Sai ya dunƙule komai a kalma ɗaya: amintacciya ce.

Ranar taron ƙungiyar a Kasuwar Daji, da Malam ya faɗi haka, wata dattijuwa mai noman gero daga Zurmi, Zuwaira, ta ɗaga hannu.

"Malam, in na ba maƙwabciya ajiyar iri, na san gidanta, na san inda za ni kai ƙara. To wagga aba, ina gidanta?"

Aka kwashe da dariya.

"Inna, waya ba ta da gida," in ji Malam. "Masana sun gama aikinsu, ke dai ki yi amfani."

Ta koma ta zauna.

Da damina ta yi nisa, dawar ƙanen Malam, Sha'aibu, a Sakajiki ta fara yin rawaya. Ya ɗauki hoto, manhajar ta ce mai yiwuwa cuta ce mai yaɗuwa, wadda maganinta tumɓuke abin da ya kamu. Sha'aibu bai tsaya kan "mai yiwuwa" ba, tunda yayansa ya riga ya ba da shaida. Kwana biyu yana tumɓuka.

A rana ta uku malamin gona ya biyo ta wurin, ya duba ganyen, ya ce yunwar taki ce kawai. Rabin gona ya tafi, lokacin sake shuka kuma ya wuce. Dawar nan ita ce abincin mutum tara.

Sha'aibu bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya, kai fa kac ce a yarda da ita."

Maganar ta soki Malam. Ya koma gida ya ɗauko takardar, ya karanta ta a natse karon farko. Kunya ta kama shi, domin duk abin da zai hana wannan ɓarna yana shafi na biyu.

Ranar kasuwa ya hau mota zuwa Zurmi da biro a aljihu, ya yi sallama a gidan Zuwaira.

"Inna, kalmomi na zo ki ba ni. Nan sun ce dole manhajar ta nuna abin da ya sa ta faɗi magana, in ba ta tabbata ba kuma ta bayyana."

"Rubuta faɗin dalili."

"Nan kuma sun ce kada a aikata komai a gona sai masani ya duba."

"Wanga idon mutum ke nan."

Sai Malam ya karanta layin ƙarshe. Sunan ofishi ne, da lambar wanda zai amsa in an samu ɓarna. Da kansa ya rubuta: mai ɗaukar alhaki.

Zuwaira ta dube shi, ba tare da fushi ba.

"Ashe tana da gida, Malam. Kai ka ɓoye muna shi."

A taro na gaba ya karanta shafi biyun kaf, ya kuma fara da tambayar da Zuwaira ta yi. Da kaka ta yi, ya buɗe rumbunsa ya raba hatsinsa biyu da Sha'aibu.

Darasi: Kada ka kira na'ura amintacciya sai ka san dalilin maganarta, da mutumin da ke sa mata ido, da wanda zai ɗauki alhaki in ta yi kuskure. Kuma kada ka raina mai tambaya. Ku tura wa 'yan uwa manoma su ma su amfana.