Mahaucin da Kitse Ba Ya Kamawa

An yi wani mutum, mahauci, siriri har ana ce masa Tsinke. Rumfarsu ɗaya da yayansa, wani ƙato mai tumbi. Tsinke ba shi da aiki sai izgili: "Yaya, matsa mana, tumbinka ya tare mini masu ciniki."

Duk kitsen da ya yanke daga jikin nama, soyawa yake ya cinye a tsaye. Ai shi ba ya kama shi.

Matarsa ta matsa, ya je asibiti aka gwada jininsa. Likita ta ce maiƙo ya yi yawa, yana liƙewa a hanyoyin jini yadda yake toshe magudanar mahauta. Ta ce ya rage kitse, ya riƙa tafiyar ƙafa, ya sha magani kullum.

Ya dawo rumfa ya dangwara wa yayansa kwalin maganin a bainar jama'a. "Ungo, naka ne, ɓatan hanya ya yi." Aka kwashe da dariya. Yayan kuwa, washegari ya kai kansa asibiti awon jini.

Ya 'yan uwa, wa ya ce mana ciwon kitse sai mai ƙiba? Gadon maganar muka yi, ba mu taɓa bincikawa ba. Ido tumbi yake gani, ba ya ganin jini.

Sai ƙirjin Tsinke ya fara riƙewa in ya ɗaga cinyar saniya. Yakan dafa teburi, gumi mai sanyi yana keto masa. Tsoro ya cika shi, amma wa zai gaya wa, bayan dariyar da ya sa aka yi? A gida matarsa takan ce, "Maigida, ka sha maganin?" Ya ce ya sha.

Wata rana da hantsi yana cikin sara, wuƙa ta suɓuce. Hannun dama ya zama kamar na wani. Ya buɗe baki zai kira yayansa, harshe ya ƙi. Ya nemi salati, sai yawu ke zuba.

Ɓarin jikinsa ya shanye. Yau yayan nan ne ke juya shi a shimfiɗa, yana share masa baki da gefen rigarsa.

Jiki amana ne, jama'a. Wanda aka gargaɗa ya mai da gargaɗi abin dariya, girman kansa ne ya kayar da shi tun kafin ciwo ya iso.

Allah ya kiyaye mu, ya bar mana harshenmu har mu cika da kalmar shahada.