Baƙin Man da Haladu Ya Juye

An yi wani mutum a wani gari, bakanike ne, sunansa Haladu. Ku saurara, jama'a, ba malami ba ne, ko karatun boko bai yi ba. Shekara talatin yana ƙarƙashin mota, har sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta kai ba.

Yana da al'ada ɗaya, irin ta tsofaffin kanikawa. In za a yi juyen mai, sai ya ɗiga baƙin mai tsakanin yatsu biyu ya murza. In ya ja kamar zuma, mai ne. In ya tsinke, ya ce ruwa ne.

Ran nan Malam Sabi'u, tsohon malamin makaranta, ya kawo motar zamani da ya saya bayan ya ajiye aiki. Ita ke nan gare shi. Ya ce, “Haladu, littafin motar nan ya ce baƙin mai marar kauri za a zuba. Ga lambar ma a jikin murfi.”

Haladu ya yi dariya, gareji duka aka taya shi. Ya ce, “Malam, wanda ya rubuta littafin nan bai san zafin garinmu ba. Kai ka san alli, ni na san inji.” Ya zuba mai kauri. Malam ya ji kunya, ya tafi.

Bayan wata biyu aka jawo wata mota irinta, injin ya buga. Shekara uku Haladu ne ke yi mata juye, yana zuba mata mai kauri. Ya kwance injin, ya ga hanyoyin man sirara ne, ba irin na motocin da ya saba ba. Kullum da safe kafin mai kauri ya ratsa ya hau sama, ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. A hankali, a hankali, ba ƙara, ba hayaƙi.

Ya gaya wa mai motar gaskiya, sannan ya tuna Malam Sabi'u.

Barau mai walda, maƙwabcinsa, ya ce, “Rufa wa kanka asiri. In ya dawo juye ka sauya masa shiru. Wa zai sani?”

Haladu ya ce, “Zai ci gaba da ganin shi ne ya yi kuskure. A gaban mutane na yi masa dariya, Barau.”

Ku ji fa. Ya je har gida ya zo da Malam, ya tara mutanen garejin nan, waɗanda suka yi dariyar. Ya ce, “Malam ne da gaskiya. Ban sani ba, na yi kamar na sani. Ka yafe mini.” Ya juye man da hannunsa, ya zuba wanda murfi ya ce.

Kada ku zaci an yi masa tafi. Wasu suka ɗauke motocinsu, suka ce tsufa ya kama shi. Aka laƙaba masa Haladu Mai Karatun Murfi, don daga ranar ba ya zuba mai sai an karanta masa lambar. Ya ji zafin sunan, amma bai fasa ba.

Shekara goma sha biyu bayan haka Allah Ya yi masa rasuwa. Malam Sabi'u ya zo jana'iza a motar nan, ba a taɓa kwance injinta ba. Ya kashe ta a ƙofar gida, ya daɗe bai fito ba.

To, jama'a, gaskiya ba a wajen awo da kuɗi kaɗai take ba. Wanda ya gano kuskurensa, ya faɗa a inda ya yi shi, shi ne mai amana. Tela, direba, mai magani, har mu masu wa'azi, kowa na da abin da yake murzawa a yatsu don ya saba. In ka gano ka cuci wani da rashin sani, kada ka jira injinsa ya buga. Allah Ya ba mu ikon cewa ban sani ba.