Mai Kukan Gidajen Makoki

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, marasa ta-ido! Ku da kun ji an ce ɓarawo sai ku ɗauki dutse, ba ku tambayi wa ya gani ba.

A wani gari aka yi ta satar sarƙoƙi da 'yan kunne a gidajen makoki. Mutane suka ce ai Gwaggo Kande ce, mai wankan gawa, don ita ke shiga kowane gida. Aka kai ta caji ofis, tsohuwar da ta yi shekara da shekaru tana yi wa matan garin sutura. Shugaban 'yan sanda ya ce in ba a sami wani ba, gaban alƙali za ta.

Kofur Tanimu ya ce bai yarda ba. Ya bi gidajen yana tambaya, har ya gane halin mai satar. Ba ta zuwa sai ranar sadakar uku, lokacin Gwaggo Kande ta daɗe da gama aikinta. A kowane gida an tuna wata mata da ta fi masu mutuwa kuka, amma ba ta taɓa kiran sunan mamaci ba. Dangin miji su ɗauka ta wajen mata ce, dangin mata su ɗauka ta wajen miji ce. Wa zai tsare mai ta'aziyya ya ce daga ina?

Kofur Cindo kuwa ya ce sanin hali bai kama kowa ba, sai an san inda za ta. Ya bincika, ya ga duk gidan da aka yi wa sata an sanar da rasuwarsu a rediyo, kuma gidan masu hali ne. Ya kasa kunne har aka sanar da rasuwar wani mai sayar da atamfa. Ya ce, "Nan za ta."

Namiji ba ya shiga cikin mata, sai Kofur Lantana ta sa hijabi ta zauna a ɗakin mai takaba tun safiyar sadakar uku. Ga matar nan ta shigo da kururuwa. Lantana ta ƙyale ta har hannunta ya shiga akwati, sannan ta riƙe shi.

Matar ta ce, "Sake ni, baiwar Allah, ƙanena ne ya rasu!"

Lantana ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Yaya sunansa?"

Matar ta fizge za ta gudu, Lantana ta ƙara damƙe ta.

Aka saki Gwaggo Kande, masu zarginta suka bi ta gida neman gafara. Ita kuwa ɓarauniyar ta amayo abin mutane, alƙali ya ɗaure ta. Tana kurkuku uwarta ta rasu, aka shimfiɗa tabarmi, ko maƙwabta ba su zauna ba.

Ƙarin girma ya zo, igiya ɗaya tak. To, ku da kuka yi boko, tsakanin Tanimu da Cindo da Lantana, kafaɗar wa za a ɗaura wa?