Takardar da Ya Naɗe Ƙusoshi da Ita

Akwai wani mai gyaran agogo da ba zai manta da safiyar Talata, 14 ga Maris, 2023 ba. Gari ya waye da yayyafi. Ya buɗe shago, ya kunna fitilar teburinsa, ya maƙala gilashin aiki a ido, ya buɗe bayan wani agogon hannu. Sai ya ga duhu kamar ɗigon tawada a tsakiya. Ya goge gilashin, ya sake gogewa. Duhun yana nan.

A gida Tsinke ake kiransa, don siriri ne tun yana yaro. Da keke yake zuwa aiki, shayinsa babu sukari, kuma yana son a san haka.

Su uku ne a wajen mahaifiyarsu: Yaya, shi, sai Auta da ke aiki a wani gari mai nisa. Yaya mace ce mai jiki. Shekara shida kafin wannan safiya aka gano tana da ciwon sukari, irin wanda ya kwantar da mahaifiyarsu, ya kuma ci ƙafar kakansu.

A lokacin ta zo shagonsa tana haki, ta ajiye masa wata takarda a kan tebur.

"Likita ya ce 'yan'uwana na ciki ɗaya su je a gwada su. Ya ce abin yana bin jini."

Tsinke ya yi dariya, bai ko ɗago kai ba.

"Jini ko cokali, Yaya? Ni dube ni. A ina sukarin zai samu wurin zama?"

"Inna ma ai ba ta da jiki, Tsinke."

"Inna tsufa ne. Ke kuwa bakinki ne ya ja miki. Ki rage loma, ki bar ɗora wa matattu laifi."

Yaya ta ce, "To, Allah ya ƙara lafiya." Ta gyara mayafinta ta fita.

Takardar tana da kauri, ga ta fara tas, ƙananan ƙusoshin agogo suna fitowa sarai a kanta. Sai ya naɗe ƙusoshi da ita, ya jefa a aljihun tebur.

Shekaru suka wuce. Ya riƙa jin ƙishirwa, ya ce zafin shago ne. Ya ƙara ramewa, ya ce amfanin keke ke nan. Yaya kuwa ƙodarta ta gaza. Ta rasu shekara ɗaya kafin safiyar nan, bai taɓa janye maganarsa ba.

Kwana biyu bayan duhun nan, matarsa ta raka shi asibiti. Likitar ido ta haska idonsa, ta sa aka gwada jininsa, sannan ta ajiye biro.

"Malam, ciwon sukari ne, kuma ya daɗe. Akwai mai shi a gidanku?"

Matarsa ce ta lissafa: uwa, kaka, yaya.

"Amma ni ba na shan zaƙi ko a shayi, kuma kullum ina kan keke," ya ce a hankali. "Dube ni fa, likita."

"Na gan ka. Keken da shayin sun taimake ka, ba a banza ka yi su ba. Amma abin da mutum ya gada ba a fuska ake ganinsa ba. Wani ya yi ƙiba bai kamu ba, wani siriri ya kamu. Da an gano da wuri, da magani ya kare idon nan."

"Yanzu fa?"

"Za mu yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage. Aikin agogo dai, ba zan yi maka alkawari ba."

Bayan wata uku ya mayar wa mutane agogunansu, wasu a buɗe yadda ya bar su. Yana kwashe aljihun tebur hannunsa ya taɓo ƙunshin nan. Matarsa ta warware, ƙusoshi suka zube. A ƙasan rubutun likita akwai layi ɗaya da hannun Yaya, wanda bai taɓa karantawa ba. Ta karanta masa: "Ka je don Allah, ko don idonka. Da shi kake ci."

Ya kira Auta a waya. Auta ya saurara, ya jajanta masa, sannan ya yi 'yar dariya.

"Ni ai kullum ina filin ƙwallo, Yaya Tsinke. Ciwon nan bai san hanyar gidana ba."

Tsinke ya ji muryar kansa sak, ta shekara shida da suka wuce. Ya kashe wayar.

Washegari ya sa matarsa ta rubuta masa layi biyu: "Wannan ta Yaya ce. Ni na naɗe ƙusoshi da ita." Suka haɗa da tsohuwar takardar, duk da tabon mai a jikinta. A gidan waya ya laluba bakin akwatin da yatsunsa, ya saki ambulan.

Bai san ko Auta zai karanta har ƙasa ba.

Darasi: Ciwon sukari yana iya bin jini, kuma siranta ba shaidar lafiya ba ce. Idan akwai mai shi a danginku, ku je a gwada ku tun ba ku ji komai ba. Kada ku goranta wa mara lafiya, domin wataƙila abin da ke jikinsa yana naku. Ku tura wa 'yan'uwanku na jini wannan labari, musamman wanda kuka san zai yi dariya.