Ranar da Sisiliya Ta Kife Ƙwarya

Jama'ar Allah, kun kau da kai. In na ce ku lissafo mini tsarkakan bayin Allah na ƙasashen nesa, har garuruwansu za ku kawo, ga hotunansu nan manne a bangon ɗakunanku. Amma 'yar da aka haifa a bukka irin tamu, ta sha kunu irin namu, kun bar sunanta ya ɓace. Yau sai kun ji shi. Ku saurara.

An yi wata baiwar Allah a wani ƙauye na gindin dutse, tun zamanin da Fada, limamin coci, ke zuwa yin sujadar Misa bisa keke. Sunanta Sisiliya. Ba ta yi boko ba, addu'o'inta ma da ka ta koye su. Tana 'yar budurwa ta tafi itace bayan dutse, ta dawo ba itace. Ta ce ta ga wata mace cikin farin mayafi a bakin idon ruwan da ke kwarmin dutsen, ta kira sunanta, ta ce mata da Hausa, "Ki yi addu'a, ki kula da marasa lafiya."

Nan take mutane suka ce ai Uwargida Maryamu ce. Aka ce, "Sai me kuma ta ce?"

Ta ce, "Shi ke nan."

Fada ya tambaye ta, dattawa suka juya ta ta ko'ina, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ku lura da kyau, ba ta taɓa cewa ruwan magani ne ba. Amma wasu suka sha suka samu sauƙi, labari ya bazu. Duk shekara a watan Mayu, watan Maryamu, sai masu ziyara su cika ƙauyen, wasu a ƙasa, wasu bisa jaki, kowa da goransa. Al'ada kuwa ita ce, ba mai taɓa ruwan sai Sisiliya ta ɗebi ƙwaryar farko ta ba wanda ya fi kowa jin jiki. Sunanta ma ya ɓace a bakin mutane, sai dai Mai Gani.

To, wata shekara rani ya yi tsanani, idon ruwan ya ƙafe ƙaf. Ga baƙi sun cika gari.

Da sassafe ranar ziyara Sisiliya ta tafi dutse yin addu'a, sai ta iske kwarmin cike da ruwa. Zuciyarta ta yi fari. Ta durƙusa ta kai bakinta, sai ta ji zartsi. A duk ƙauyen rijiya guda ce mai zartsi, ta bayan kasuwa. Ta duba ƙasa, ga sawun mata, ga gurbin tuluna. Ga kuma kawunta Jatau, shugaban majami'a, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayenta, tsaye yana kallon ta.

Ta ce, "Kawu, wannan na rijiya ne."

Ya ce, "Harshenki dai. Ai ruwa ruwa ne, 'yar nan. Wanda Fada ke sa wa albarka daga sama yake zubowa?"

"To a faɗa musu na rijiya ne, Fada ya sa albarka."

"Wa zai baro garinsu don rijiyar kasuwa? Kin ga mutanen nan kuwa? Ƙafafunsu duk sun tsage. Mu ce su koma da busassun goruna? Ba mu ce ki yi magana ba. Ki ɗiba, ki miƙa, ki yi shiru."

'Yan'uwa, Jatau ba mugu ba ne. Tausayi ne da kunya suka kama shi, irin waɗanda ke kama ku. Sisiliya kuwa ta san abin da ke gabanta: in ta buɗe baki, ta tona asirin wanda ya raine ta, kuma ba ta da sauran wurin zama a garin.

Rana ta ɗaga, aka taso da waƙa da addu'ar rosari har gindin dutse. Aka shimfiɗe wani mutum a gaba, ƙafarsa ta kumbura tana wari. Matarsa Lantana ce ta kawo shi bisa jaki. Ta kama zanen Sisiliya ta ce, "Mai Gani, an ce mu je asibitin mishan na Sista, na ce a'a, sai wajenki. Maigidana ke nan, shi kaɗai gare ni."

Aka miƙa mata ƙwarya. Ta dubi ruwan, ta dubi ƙafar, ta dubi kawunta. Sai ta kife ƙwaryar bisa dutse.

Ta ce, "Idon ruwa ya ƙafe tun watan jiya. Wannan na rijiyar kasuwa ne. Mai son sha ya sha, amma ba zan ba ku shi da sunan Uwargida ba."

Waƙa ta yanke. Wani daga baya ya ce, "Ashe dama ƙarya kuke ta ɗura mana." Wata 'yar garin ta ce, "Mai Gani, yau kuma Mai Baki kika koma?" Jatau ya sunkuyar da kai, daga ranar bai ƙara kiran ta 'yar nan ba.

Lantana ta fashe da kuka ta ce, "To ni yanzu in yi yaya?"

Sisiliya ta ce, "Yaya, kama masa kafaɗa, ni in kama nan. Asibitin Sista za mu. Addu'ar ma yi ta a hanya."

Ita ta ja jakin cikin rana. Kuna jira in ce sama ta buɗe, idon ruwa ya ɓulɓulo nan take? Bai ɓulɓulo ba. Mutumin ma sai da aka yanke masa ƙafar, amma ya rayu, ya ga jikokinsa. Ziyara ta mutu a ƙauyen, garin bai yafe mata ba. A asibitin nan ta zauna har tsufanta tana wanke gyambo, ba mai durƙusa mata. Tamu ce, jama'a. Daga cikinmu ta fito, kuma ko a gaban wa za mu ɗaga kai mu faɗi haka.

Ga darasin, ba zan rufe shi ba: Allah ba ya bukatar ƙaryarmu don ya tsare sunansa. Ku je ziyara, ku ɗebo ruwa, ku roƙi Uwargida ta yi mana addu'a, ban hana ba. Amma nawa ne a cikinku suka tashi suka ba da shaidar warkewa alhali ciwon na nan, don kada a ce bangaskiyarsu ta gaza? Nawa ne suka ce wa maƙwabci ya ajiye maganinsa, ruwan ziyara da ke jarka ya isa? Kun san kanku, kun san gidan. Kada ku ci abincin rana yau sai kun je kun faɗa masa gaskiya, kun ɗauke shi kun kai shi asibiti. Ku tashi.